Skyrim: Ƙarfinsa da Rauninsa Tushensu Ɗaya

The Elder Scrolls V: Skyrim wasan bidiyo ne da kamfanin Bethesda Game Studios na jihar Maryland a Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard. Shi ne na biyar a jerin da ya fara da Arena a 1994, Daggerfall ya biyo baya a 1996, Morrowind a 2002, sai Oblivion a 2006. Ya fara fitowa a kwamfuta da na'urorin PlayStation 3 da Xbox 360, kuma ya zuwa 2023 Howard ya bayyana cewa an sayar da kwafi sama da miliyan 60. Wasanni kaɗan ne ke haura shekara goma jama'a ba su gaji da su ba, balle wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, babu abokin gasa a intanet.

Irin wannan wasa a kan ginshiƙai biyu yake tsaye. Na farko, ɗan wasa yana shiga rigar jarumin da ya ƙirƙira da kansa, ya zaɓar masa jinsi da kama da suna, ya riƙa ɗaga ƙwarewarsa sannu a hankali. Na biyu, ƙasar da labarin ke gudana a cikinta a buɗe take tun daga farko, babu matakin da sai an gama shi kafin a ga na gaba. Skyrim ya yi fice a wannan fage ne saboda wata shawara guda da maginansa suka tsaya a kai, wato kada wasan ya hana ɗan wasa abin da ya nufa. Daga wannan shawara alherinsa ya fito, kuma daga gare ta mafi yawan aibinsa ya samo asali.

Ƙasar da labarinta

Skyrim sunan lardi ne a arewacin wata nahiya ta almara mai suna Tamriel, ƙasar duwatsu da dazuzzuka da dusar ƙanƙara, wadda aka zana da kamannin arewacin Turai na zamanin da. Mutanenta ana kiran su Nord. An raba lardin gida tara, kowanne da babban garinsa da basarakensa mai riƙe da sarautar Jarl. Labarin ya faru ne shekara 200 bayan na Oblivion, lokacin da yaƙin basasa ya raba ƙasar biyu. Ulfric Stormcloak, Jarl na Windhelm, ya kashe babban sarki Torygg ya ɗaga tutar tawaye, dakarun Daula kuma ƙarƙashin Janar Tullius sun ja daga a Solitude suna neman murƙushe shi. Silar rikicin wata yarjejeniya ce da Daular ta sa wa hannu bayan wani babban yaƙi ya galabaitar da ita, wadda ta haramta bautar Talos, abin bautar da mutanen Nord ke ji da shi.

Ana cikin haka sai dodanni masu fukafukai da aman wuta, waɗanda aka daɗe da ɗauka sun ƙare, suka dawo bisa jagorancin babbansu Alduin. Wasan yana buɗewa da ɗan wasa ɗaure a cikin keken doki, ana kai shi garin Helgen domin a fille masa kai. Kafin gatari ya sauka Alduin ya dira, gari ya kama da wuta, fursuna ya tsere. Daga baya yake gane cewa an haife shi da ruhin dodo, yana iya shanye ran duk dodon da ya kashe, yana kuma iya amfani da kalmomin harshensu a matsayin makami: tsawa ɗaya ta watsar da abokan gaba, wata ta daskarar da su, wata ta taso da hadari. Da zarar ya fito daga kogon da ke bayan Helgen, wasan ya sakar masa mara. In ya ga dama ya bi wannan labari, in ya ga dama ya ajiye shi har abada.

Inda wasan ya yi zarra

Babban abin yabo a Skyrim shi ne ƙasar kanta. An tsara ta yadda duk inda mutum ya tsaya zai hango abin da zai ja shi: hasumiya a kan tudu, hayaƙi daga wani sansani, kango a bakin kogi. Ɗan wasa zai fita da niyyar kai saƙo gari na gaba, bayan awa uku ya tsinci kansa a cikin kogon da bai san da zamansa ba, saƙon yana nan a jaka. Dutsen Throat of the World, mafi tsayi a lardin, ana hango shi daga nesa ta kowane ɓangare, har matafiyi kan gane inda ya dosa ko bai buɗe taswira ba. Biranen ma kowanne da fuskarsa. Whiterun na tsakiyar fili, cibiyar fatauci. Solitude na kan wani ƙaton dutse mai siffar baka a bakin teku. Markarth an sassaƙa shi a jikin tsauni, gadon wata al'umma da ta ɓace. Riften na bakin tafki, garin ɓarayi da cin hanci. Winterhold kuwa teku ta cinye mafi yawansa, sai makarantar matsafa da 'yan gidaje suka rage.

Wannan bai zo a banza ba. Mutum kusan 100 ne suka gina wasan, takwas daga cikinsu aikinsu tsara koguna da kusheyi da kangwaye wajen 150, alhali a Oblivion mutum ɗaya ya ɗauki wannan nauyi. Shi ya sa wurare da yawa ke ba da labari ba tare da wani ya buɗe baki ba. A hasumiyar Frostflow da ke gaɓar arewa, ɗan wasa yana tarar da gida a hargitse da gawar uwargida a ƙasa. Daga littattafan da iyalin suka bari yake karanta yadda suka yi ta jin motsi a ɗakin ƙasa suna zaton ba komai ba ne, sannan ya bi ramin ya ga abin da ya same su. Babu wanda ya aike shi wurin, kuma wanda bai tura ƙofar ba ba zai taɓa sani ba. Haka nan Blackreach, wani makeken kogo a ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da kangon birni da tsirrai masu haske, wanda mutum ke faɗawa cikinsa yana zaton ƙaramin rami ya shiga.

Abu na biyu shi ne yadda jarumi ke girma. Wasannin da suka gabata sukan tilasta wa mutum ya zaɓi sana'a tun kafin ya san wasan: mayaƙi, matsafi ko ɓarawo. Skyrim ya soke wannan. Akwai jinsi goma da za a zaɓa, da fannonin ƙwarewa 18, kuma kowane fanni yana haɓaka ne da yawan amfani da shi. Mai yawan harbi da baka ya zama maharbi, mai zama a maƙera ya zama maƙeri, mai sanɗa da buɗe kwado ya zama gwanin sata. Wanda ya gaji da takobi bayan awa arba'in yana iya ajiye shi ya koyi sihiri ba tare da ya koma farko ba. Wannan sauƙi ne ya jawo miliyoyin mutanen da ba su taɓa kusantar irin wannan wasa ba.

Yaƙin basasar ma an rubuta shi da hankali. Ulfric yana da gaskiya cewa Daula ta bar baƙi suna kama mutanensa saboda addininsu, amma a birninsa 'yan gudun hijira na jinsin Dunmer a wata matalauciyar unguwa aka cusa su, jinsin Argonian kuma a bakin tashar jiragen ruwa suke kwana, bayan ganuwa. Daula tana da hujjar cewa rabuwa za ta raunana kowa a gaban abokin gaban da ya galabaitar da ita a babban yaƙin, amma ita ce ta so sare kan ɗan wasa duk da sunansa ba ya cikin jerin masu laifi. Babu ɓangaren da hannunsa ke da tsabta, kuma har yau masu wasan suna jayayya a kan wanda ya fi cancanta.

Sai kiɗa da muryoyi. Jeremy Soule ne ya tsara kiɗan, kuma babban taken an rera shi ne da harshen dodanni da aka ƙirƙira domin wasan, mai haruffa 34. Mawaƙa 30 aka ɗauki muryarsu sau uku aka haɗa, ta fito kamar ta mutum 90. 'Yan wasan kwaikwayo sama da 70 ne suka ba da muryoyi, cikinsu har da Christopher Plummer da Max von Sydow da Joan Allen. Kiɗan tafiya a daji, mai taushi da jan rai, yana cikin abin da ke sa mutane su ƙi tsallakawa zuwa gari ta taswira, su gwammace su taka da ƙafa.

Inda ya gaza

Wasan da ya ƙudura cewa ba zai rufe wa ɗan wasa ƙofa ba, dole ya rage nauyin abin da ɗan wasan ya aikata. A nan babban raunin Skyrim yake. Akwai manyan ƙungiyoyi huɗu da ake shiga: mayaƙan Companions a Whiterun, makarantar matsafa a Winterhold, ƙungiyar ɓarayi a Riften, da makasa 'yan haya na Dark Brotherhood. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, amma a nan mutum ɗaya yana shugabantar dukkan huɗun a lokaci guda, babu wadda ta tambayi abin da yake yi da sauran. Mayaƙi mai gatari wanda sihirinsa bai taka kara ya karya ba yana iya zama shugaban makarantar matsafa, domin abin da ake bukata a bakin ƙofa ƙaramin sihiri ne da mai gadin kanta za ta sayar masa, sauran aikin kuma kashe-kashe ne a koguna. Shugabancin da aka samu haka ba ya ɗaukar nauyin komai: babu ɗalibin da zai koyar, babu hukuncin da zai yanke.

Haka abin yake a manyan al'amura. A ƙarshen labarin makasa, ɗan wasa yana kashe sarkin Daula baki ɗaya, Titus Mede na Biyu, amma washegari kasuwa na ci, yaƙi na nan yadda yake. Wanda ya kammala yaƙin basasa zai ga an sauya wasu sarakuna da kayan dogarai, a nan mafi yawan canjin ya tsaya. Jarumin da ya kashe Alduin ya ceci duniya yana dawowa gari wani ya aike shi tsinko ganye. Mutane da yawa an hana su mutuwa domin kada wani labari ya lalace. In an sare su sai su durƙusa su miƙe. Maven Black-Briar, attajirar da ke juya Riften da cin hanci da barazana, tana cikinsu, saboda haka wanda ya so tsabtace garin ba shi da hanya. Ana iya rusa ƙungiyar makasa, amma labarin yin hakan gajere ne ƙwarai, ƙungiyar ɓarayi kuwa babu damar taɓa ta. Ko zaɓi mafi nauyi a wasan, lokacin da wata ƙungiya mai suna Blades ta nemi a kashe Paarthurnax, tsohon dodon da ya tuba ya zama malamin ɗan wasa, ba a ba shi hanyar jayayya da su ba. Ko ya kashe, ko ya bar aikin rataye.

Faɗa shi ne rauni na biyu, kuma shi ne abin da ɗan wasa ya fi ɓata lokaci a kai. Saran takobi ba shi da nauyi, abokin gaba yakan sha sara bai ko girgiza ba, nasara kuma takan koma ga wanda ya fi yawan magani a jaka, tunda ana iya tsayar da faɗa a sha kwalba goma a ci gaba. Sihirin kai hari yana da ƙarfi a farko, amma yana raguwa da daraja yayin da abokan gaba ke ƙara tauri. Sanɗa da baka kuwa sun fi ƙarfin wasan: mai gadi zai sha kibiya, ya ɗan leƙa, ya koma wurinsa kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa ɗimbin 'yan wasa, ko da wane niyya suka fara, a maharbi mai laɓewa suke ƙarewa. Dark Souls na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda ya fito 'yan makonni kafin Skyrim, ya nuna cewa ana iya gina faɗan da kowane sara ke bukatar lissafi. Dodannin kansu, da suka kamata su zama abin tsoro, sukan yawaita har su koma masu tare hanya kawai.

Rauni na uku maimaici ne. Kusheyin Nord kusan tsarinsu ɗaya: gawawwaki masu tashi, tarkuna, bango mai kalmar dodo a ƙarshe, da gajeriyar hanyar fita. Ƙofofin da ke buɗewa da ƙambori na ƙarfe amsar kacici-kacicinsu a jikin ƙamborin aka zana ta, wanda ya warware na farko ya warware sauran. Akwai kuma tsarin da ke ƙirƙirar aike-aike marasa iyaka, je ka kashe 'yan fashi a can, je ka ɗauko kaya a nan, waɗanda ke cika jerin ayyuka ba tare da sun ƙara wa labari komai ba. Alamar da ke nuna wa ɗan wasa daidai inda zai je ta sa marubuta sun daina bayyana hanya da baki, saɓanin Morrowind inda ake kwatanta wa mutum hanya ya nemo da kansa. An kuma rage fannonin ƙwarewa daga 27 a Morrowind zuwa 21 a Oblivion zuwa 18, abin da tsofaffin masoya jerin ke ɗauka a matsayin sayar da zurfi domin sayen jama'a.

Kurakuran manhaja da aikin masoya

Skyrim ya fito cike da kurakurai. Wasu abin dariya ne, kamar samudawa da ke buga mutum da kulki ya tashi sama har ya ɓace, ko dokin da ke hawa miƙaƙƙen tsauni, ko ɗan kasuwa da ake kifa wa bokiti a ka a kwashe masa shago yana tsaye. Wasu kuwa asara ce ga wanda ya biya kuɗinsa. A PlayStation 3, yayin da fayil ɗin ajiya ke ƙara girma, wasan yakan yi nauyi har ya gagara bugawa, wato wanda ya fi daɗewa yana wasa shi ya fi shan wahala. Gyaran da kamfanin ya fitar a ƙarshen Nuwambar 2011 ya zo da nasa ciwon, har dodanni suka riƙa tashi da baya. Ƙarin labarai uku da aka sayar a 2012, Dawnguard da Hearthfire da Dragonborn, ba su isa ga masu wannan na'ura ba sai Fabrairun 2013.

Abin da ya tsawaita ran wasan shi ne shawarar Bethesda ta sakin kayan aikin gina shi, Creation Kit, a Fabrairun 2012. Masoya suka yi ta ƙera dubban gyare-gyare kyauta: wasu suka toshe kurakuran da kamfanin ya bari, wasu suka sake fasalin jerin kaya da bai dace da kwamfuta ba, wasu suka ƙara yunwa da sanyi da sabbin garuruwa. Wata ƙungiya a Jamus mai suna SureAI ta gina cikakken wasa a kansa, Enderal, a 2016. The Forgotten City, gyaran da Nick Pearce ya fitar a 2015, ya ci lambar yabo ta ƙungiyar marubutan Ostireliya, sannan ya zama wasa mai cin gashin kansa a 2021.

Buɗe wannan ƙofa abin yabo ne, amma ba ya wanke kamfanin. An sake sayar da Skyrim a 2016 da ingantaccen hoto, a 2017 a Nintendo Switch da na'urar gani ta PlayStation, a 2021 kuma domin cikarsa shekara goma, tsofaffin kurakurai da dama suna biye da shi. A Afrilun 2015 Bethesda da kamfanin Valve suka gwada sayar da gyare-gyaren masoya, mai gyaran ya samu kashi 25 cikin 100 kacal, jama'a suka yi ca, aka janye tsarin cikin kwanaki. Kamfanin da ya ci ribar kwafi miliyan 60 bai kamata ya bar gyaran kayansa ga masu yi don Allah ba.

Matsayinsa a tsakanin takwarorinsa

Wasannin da suka biyo baya kowanne ya fi Skyrim a wani fanni. The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na Polan, wanda ya fito a 2015, ya fi shi rubutu nesa ba kusa ba. A can zaɓin da aka yi yau yakan dawo bayan awanni da sakamakon da ba a zata ba. Sai dai jaruminsa, Geralt, an riga an gina shi, ɗan wasa ba ya zama wanda ya ga dama. The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 ya fi shi wajen yadda wuta da iska da ruwa ke aiki da juna. Elden Ring na 2022 ya fi shi faɗa, ya kuma yarda ɗan wasa ya ɓata hanya ya sha wuya, amma ba shi da gari mai kasuwa da gidan kwana da maƙwabta. Babu ɗaya cikinsu da ke ba mutum damar ya sayi fili ya gina gida, ya yi aure, ya ɗauki marayu, ya yi saran itace da safe ya fita farautar dodo da yamma.

Hukuncin adalci shi ne Skyrim ƙasar zama ce mai kyau ƙwarai, wasan labari ne matsakaici, wasan faɗa ne mai rauni. Wanda ke neman yawo da gano sabon wuri zai samu ɗaruruwan awanni, kuma wasan ba ya bukatar intanet bayan an sauke shi. Wanda ke neman labarin da zaɓinsa zai sauya duniya, ko faɗan da zai gwada basirarsa, zai fi samun biyan bukata a wani wurin. Iyaye kuma su san cewa hukumomin tantance wasanni sun ware shi ga masu shekara 17 zuwa sama a Amurka, 18 a Turai, saboda zubar da jini da giya da makamantansu, kuma labarinsa cike yake da sihiri da abubuwan bauta na almara.

Bethesda ta sanar da wasa na shida tun Yunin 2018, kuma Microsoft ta mallaki uwar kamfanin, ZeniMax, a 2021 a kan dala biliyan 7.5. Kuɗi da ma'aikata ba za su zama uzuri ba. Faɗin ƙasa kamfanin ya riga ya iya shi. Abin da za a auna sabon wasan da shi shi ne ko zai yarda ya rufe wata ƙofa idan ɗan wasa ya shiga wata, ya bar mutane su mutu idan an kashe su, ya sa garuruwa su riƙe abin da aka yi musu, sannan ya isa kasuwa a gyare.